Tambayi Anti: An ce in rubuta awon da ban yi ba

Tambaya: Salamu alaikum Anti. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, akwai wata tsohuwa mai ciwon zuciya da likita ya ce a riƙa auna nauyinta kullum da safe, to mu biyu ne kacal a hawanmu, kwana huɗu ba wanda ya ɗora ta kan sikeli, shi ne babbarmu ta ce in cike gurbin da lambar makon jiya. Su suka yi min biza, wallahi tsoro nake ji. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Dan Allah kar ki rubuta. Kin san me ya sa likita ya nace kan awon nan? Zuciya in ta yi rauni ruwa ne ke taruwa a jiki, kuma sau da yawa sikeli ke fara tona shi kafin ƙafa ta kumbura ko numfashi ya fara sarƙewa, ƙarin sama da kilo 2 cikin kwana 3 ya isa a kira likita ya duba maganin sa fitsarin da take sha. In ya ga lamba ɗaya kullum zai ɗauka lafiya lau ne, alhali baiwar Allah tana kwana a zaune don ta kasa numfashi a kwance. Abin na taɓa min rai sosai.

Gobe da safe ki auna ta bayan ta yi fitsari, kafin karin kumallo, ki danna ƙaurinta da yatsa ki ga ko wurin zai lotsa. Kwana huɗun nan ki rubuta ba a auna ba, ki gaya wa nas da manaja a rubuce, har da maganar ƙarancin ma'aikata.

In suka share ki, akwai hukumar CQC mai sa ido kan gidajen nan a Ingila, tana karɓar rahoto ko ba suna, akwai kuma sashen kare manya masu rauni na kansul ɗinku, wato ƙaramar hukumar yankinku. Akwai wata dokar Birtaniya ta 1998 da ke kare ma'aikacin da ya fallasa irin wannan. Tsoron biza na gane shi, amma sa hannunki ne zai zauna a takardar ranar bincike, ba na babbarku ba. In kina cikin ƙungiyar ƙwadago ki kira su yau. In kuma numfashinta ya tsananta, ki kira lambar gaggawa 999 kai tsaye.