Tambayoyin Masu Karatu: Zambon Jarrabawa da Leƙen Asiri

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a Amurka akwai masu rubuta ƙagaggen labari na zambo a kan jarrabawar bai-ɗaya da tsoron leƙen asirin gwamnati. Me ya haɗa kifi da kaska? Kuma in mutum zai rubuta irinsa, ta ina zai fara? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, zamani ɗaya ne ya haife su. A watan Oktoba na 2001 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar Patriot, wadda ta faɗaɗa wa jami'an tsaro ikon bin diddigin jama'a. A Janairun 2002 kuma ya sa hannu a dokar ilimi ta No Child Left Behind, wadda ta wajabta gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji 3 zuwa aji 8, da sharaɗin wai kowane yaro ya kai mizani zuwa 2014. A wancan lokaci, makarantar da ta yi ta gazawa ana iya sauya ma'aikatanta ko a rufe ta.

Dubi abin da wannan matsi ya jawo a birnin Atlanta na Amurka. Injin duba takardun jarrabawa yana gane inda aka goge amsa, sai aka ƙirga wuraren da aka goge kuskure aka cike daidai, aka ga yawan ya wuce hankali. Rahoton 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗin jarrabawa irin su gyara wa ɗalibai amsoshi, a 2015 kuma kotu ta kama 11 da laifi. A shekarar dai aka gano kamfanin Pearson, mai shirya jarrabawa, yana sa ido a shafukan sada zumunta don gano ɗaliban New Jersey masu zancen tambayoyin jarrabawa, shekara biyu bayan tonon sililin Edward Snowden, wanda ya fallasa yadda gwamnatin Amurka ke leƙen asirin jama'a. Kin ga marubuci bai sha wahalar ƙirƙira ba.

To ga yadda za ki gina naki. Ki ɗauki doka guda ta gaskiya, ki ƙara mata taki ɗaya tak. Misali, tunda inji yana ƙirga goge-goge, a labarinki sai hukuma ta ce duk yaron da ya goge amsa fiye da sau uku mai sauya ra'ayi ne, a buɗe masa fayil. Daga nan komai ya biyo hankali: roban goge fensir ya koma kayan fasa-ƙwauri, uwa ta caje aljihun ɗanta da asuba, malamai su riƙa koyar da yadda ake dagewa a kan kuskure. Ki kafa dokar cikin shafi goma na farko, kada ki ƙaro wata. In ƙagaggun dokoki suka kai biyar ko shida, mai karatu zai ɗauka tatsuniya ce, zafin ya tafi.

Jaruminki ya zama ƙaramin ma'aikaci, kamar mai loda takardu a inji, wanda ya yarda da tsarin da zuciya ɗaya. Da bakinsa za ki yi gatsen, shi kuwa bai san gatse yake ba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne a mai da gwamnati masaniyar komai. Wannan labarin tsoro ne, ba dariya a ciki. A zambo, masu leƙen suna tara bayanai buhu-buhu amma suna rikita sunaye, jama'a ne ke tsorata kansu, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kada ki warware ko da gaske ana bibiyar jarumin sai an ci kashi biyu cikin uku na littafin. Wa'azi kuma ki bar shi. Da zarar wani ya miƙe ya yi shafi biyu yana bayanin illar jarrabawa, zambo ya mutu.

Tambaya: Za a iya kafa irin wannan labari a Najeriya? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Amsa: Sosai, ɗan'uwa, kayan aikin na nan. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tun 2021 ba a rajista sai da lambar NIN, ana duba zanen yatsa a ƙofa, kyamarori na kallon zaure, tambaya 180 cikin awa biyu. Yarinyar da lalle ko wanke-wanke ya sa na'ura ta ƙi karɓar yatsanta, har ta koma neman shaidar cewa ita ce ita, ta isa babi guda. Sai dai ka ƙago wa hukumar labarinka suna da tambari nata, kada ka jingina ƙagaggen laifi ga hukuma ko jami'in da ke raye, don ana iya kai ka ƙarar ɓata suna ko da raha kake yi.