Shafin rigar jarirai da ake ɗinka miki kyauta, shi ke cinye ribarki

Wata baiwar Allah ta turo tambaya, tace tana saƙa rigunan jarirai mata da kwarashi tana sayarwa, kwastomomi suka fara ƙorafin cewa rigar shara-shara ce kuma zaren yana sosa jikin yara, sai ta koma sa musu shafi daga ciki. Ita bata iya keke ba, yayarta ce tela, ita ke ɗinka mata shafin kuma bata karɓar ko sisi. Yanzu cikin riguna 20 na ƙarshe an dawo mata da 3, wata shafin ya tsuke bayan wanki ya tattare rigar, wata kan yarinya ya ƙi shiga. Tambayarta: ta ci bashi ne ta sayi injin saƙa don ta rinƙa fitar da riguna da yawa ta cike asarar?

Malama, dan Allah ajiye maganar bashi tukuna. Matsalarki tana cikin jimla ɗaya da kika rubuta kamar abin alfahari, wato yayarki bata karɓar kuɗi. Nan kuɗinki ke zurarewa.

Aikin da baki biya ba baki da bakin cewa a warware a sake. Ranar da ta kawo miki shafi a karkace me zaki ce mata? Godiya zaki yi, ki karɓa, ki kai wa kwastoma kina addu'ar kar ta lura. Kuma ita ma ba muguwa bace, mai sana'a ce, duk tela aikin wanda ya biya yake fara sawa a keke, naki sai dare in ta gaji, da ragowar yadin da ya saura a hannunta, ba wanki ba awo. Ni ban ga laifinta ba wallahi. Ke ce kika ɗora sunanki da sana'arki a kan alfarma.

Abu na biyu da kyautar nan ta jawo, tunda baki biya ba baki taɓa sa shafin a lissafi ba, na tabbata kuɗin rigar yana nan yadda yake tun kafin ki fara sa shafi. Ki duba: ƙaramar riga tana cin awa 10 ko kusa da haka a saƙa, shafi mai kyau daga yanka zuwa liƙa shi da allura yana cin kamar awa 2. Kashi ɗaya cikin shida na aikin kenan kike bayarwa sadaka a kowace riga, banda yadi da zaren ɗinki da maɓalli. Riguna 3 ɗin da aka dawo dasu kuwa awa 30 ce ta zamanki ta tafi, da ulun da ya shiga ciki, sannan kwastoma 3 da kowacce zata faɗa wa ƙawayenta. Araha bata ado, balle kyauta.

Na san wata mai irin sana'arki, ƙanwar mijinta ke yi mata shafi haka nan don zumunci. Ta samu oda babba daga mai shagon kayan yara, ta saƙa duka a kan lokaci, ta kai wa yarinyar, yarinyar ta samu wani aikin mai kuɗi ta ture nata gefe. Ranar kai kaya tazo rabi ba'a taɓa ba, ta ruga wajen wani tela da gaggawa, sai a ranar ta fara jin nawa ake ɗinka shafi, ta lissafa taga kuɗin da tayi ciniki da mai shagon ko uwar kuɗi bazai mayar ba. Ta cika odar da asara, mai shagon bai sake kiranta ba, ita da ƙanwar mijin kuma suka daina gaisawa yadda suka saba. Zumuncin da take tsoron ɓatawa in ta kawo maganar kuɗi, rashin maganar ne ya ɓata shi.

Toh ki je ki samu yayarki ki ce Yaya, wannan abin ya zama sana'a, ina so mu yanka farashi a kan kowane shafi, in biya ki kamar kowa. Zata ce haba dai, ki dage. In ta ƙi karɓa sam, ki kai wa wani telan, ita ki bar mata ɗinkin kayanki na sawa. Amma kafin ki biya kowa dole ke ki san aikin, don wanda bai san yadda abu ya kamata ya fito ba bazai iya ƙin karɓar sa ba.

Asalin rigimar ita ce saƙa tana miƙewa, yadi baya miƙewa. Shi yasa kan yarinyar ya ƙi shiga, an yanka shafin daidai da wuyan rigar tana kwance, aka ɗaure saƙar ta kasa buɗewa, kuma kan jariri babba ne in aka kwatanta da jikinsa. Dole a tsaga shafin ta baya daidai inda rigar ke buɗewa, kuma a yanka shi da ɗan yalwa fiye da rigar, a tattara rarar a ƙugu ko ƙirji. Tsukewa kuma rashin wanki ne, yadin auduga yakan shige kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, ki wanke shi ki goge kafin almakashi ya taɓa shi, nan ne ma zaki gane ko yana zuba. Rigar ita ma ki wanke ki shanya ta a kwance, bayan ta bushe sannan a zana ta a takarda, a bar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na ɗinki. Auduga mara nauyi mai laushi zaki nema, ki rabu da masu santsi da ƙyalli na roba, suna riƙe zufa. Bakin ɗinki ya kalli saƙar, gefen mai laushi ya kalli fatar yarinya. A liƙa shi da allura a wuya da hammata da tsagar baya, ƙasan a kalmasa a bar shi a sake, ya gaza rigar tsawo kaɗan don kar ya leƙo. Maɓalli kuwa ki ja kowanne da hannunki kafin riga ta bar gidanki, jariri komai baki yake kaiwa, wannan ba maganar riba bace ma.

Ki yi takardar awo ɗaya ga kowane girma, na sabuwar haihuwa, na wata 3, na wata 6, ki haɗa da riga ɗaya da ta fito yadda kike so a matsayin samfur. Duk shafin da bai yi kama da samfur ba a sake shi, kuma ki faɗi haka tun ranar ciniki.

Inji kuma, ban san wanda ya sa miki wannan a rai ba. Injinan da ake sayarwa irin saƙar suwaita suke yi, basa fitar da aikin kwarashi, shi har yau hannu ke yinsa, kuma saboda shi mutane ke zuwa wajenki. Ki ci bashi ki sayi abin da zai jefa ki gasa da masana'antun da ke fitar da dubbai a rana? Mai asara a riga 20 in ta koma 200 asarar ce zata ninku, ga bashi a kai. Wannan hanzarin na son a wayi gari an zama babbar dila shi ke kashe ƙananan sana'o'i da yawa, kuma yana ɓata min rai don hannunki yana da kyau, da ba haka ba da ba'a saya tun farko.

Ki sayi littafi, kowace riga layi ɗaya: ulu, yadi, maɓalli, ladan tela, awannin da kika zauna, abin da aka biya ki. Ki fitar da farashi biyu, mai shafi da mara shafi, kwastoma ta zaɓa, wasu zasu ce yayi tsada su tafi, ki barsu. Bayan riguna 20 masu zuwa ki turo min abin da littafin ya nuna da adadin da aka dawo dasu, a lokacin sai mu yi maganar ko zaki koyi keke da kanki.