Amsa ga Yarona Kan Bargon da Ba a Ɗinkawa

Yarona, jiya da muke rufe shago ka tambaye ni ko bargon da ake haɗawa da ƙulli kawai, ba allura ba keke, zai yi ƙarko, kuma ko ya dace mai koyon ɗinki ya ba kakarsa irinsa kyauta kafin shigowar hunturu. Zai yi ƙarko, kuma ya dace, amma kada ka ɗauka cewa rashin ɗinki ya sauƙaƙa maka aikin, domin duk abin da allura take gyarawa a sauran ayyuka, a nan tef da almakashi ne za su ɗauki nauyinsa, kuma yankan da ya karkace ba shi da kalmasar da za ta rufa masa asiri.

Ka fara da sanin dalilin da ya sa wannan aiki yake yiwuwa. Yadin da ake kira filis, wanda wani kamfanin saƙa na Amurka mai suna Malden Mills ya fito da shi wajen shekarar 1980, da zaren foliyesta ake yin sa, kuma saƙarsa irin ta rigar sanyi ce da aka taje har ta yi gashi. Saboda haka idan ka yanka shi bakinsa ba ya warwarewa. Da za ka gwada haka da atamfa ko shadda, wanki ɗaya ya isa zare ya zazzago ko'ina. Idan ka shiga kasuwa, ka murza yadin tsakanin yatsunka, ka ɗaga shi sama ka duba. Wanda haske yake ratsawa sosai, ko wanda gashinsa yake dunƙulewa tun a hannunka, ka bar wa mai shi kayansa ko da ya karya maka farashi.

Bargon babban mutum yana cin yadi biyu na sama da yadi biyu na ƙasa, faɗin kowanne kuwa yakan kai inci 60. Ka shimfiɗa su a kan tabarma mai tsabta, bayan ɗaya yana kallon bayan ɗayan, ka lallaɓa su da tafin hannu har su kwanta ba tare da ka ja su ba. Ka yanke bakin masaƙa na gefe biyu, wanda yake nannaɗewa, sannan ka daidaita su su zama tsawo ɗaya da faɗi ɗaya. Daga kowace kusurwa ka cire murabba'i mai inci 5, kana yanka shimfiɗa biyun tare. Yara da yawa sukan tsallake wannan, sai kusurwar ta taru ta yi dunƙule mai muni. Bayan haka ka ja layi da alli a kowane gefe, inci 5 daga baki, tsakanin kusurwa da kusurwa, ka yanka geza mai faɗin inci 1 har zuwa kan layin, ba gaba ba baya. Ka lissafa da kyau tun kafin ka sayi yadin, domin gezar za ta cinye inci 10 a tsawo da inci 10 a faɗi, ban da bakin masaƙar da ka yanke, wato jikin bargon zai tsaya wajen inci 62 da inci 48, kuma ƙullin da ke jiranka zai kai 220.

A wurin ƙulli ne nake so ka natsu. Ka kama gezar sama da takwararta ta ƙasa ka ƙulla sau biyu, ƙullin ya zauna daidai kan layin alli. Wannan yadi ya fi miƙewa ta faɗinsa a kan ta tsawonsa, don haka gezar da ke dogayen gefuna za ta biyo hannunka kamar danƙo, ta gajerun gefuna kuma za ta ƙi. Bargon farko da na haɗa, ƙarfi ɗaya na sa wa duka, ina ganin matsewa ita ce ƙarko. Da na ɗaga shi sai na tarar gefunansa sun tattare, tsakiyarsa ta zurma kamar ƙwarya, na kwana ina kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya da farce. Tun daga ranar, duk bayan ƙulli goma nakan tsaya in shafa gefen a ƙasa in ga ko yana kwance.

Game da sanya wa kyautar alamar mai ita, ni a ganina launi ya fi rubutu. Ka tuna irin zanen da Kaka ta fi ɗaurawa, ka zaɓi mai fure a sama, sannan ka ɗauki launi ɗaya daga cikin furen ka sa shi a ƙasa, yadda kowane ƙulli zai nuna biyun tare. Idan kana son sunanta ya fito, kana iya yanka haruffa daga ƙyallayen kusurwa ka liƙa da gam ɗin yadi, sai dai wanki yakan ɗaga shi a hankali. Abin da ya fi shi ne ka yi surfanin sunan a shimfiɗar sama tun kafin ka fara ƙulli, bayan aikin ya ɓuya a ciki. Kada ka rubuta aya ko sunan Allah, domin abu ne da zai taɓa ƙasa da ƙafa.

Ranar da za ka kai mata, ka yi mata bayani da bakinka cewa wannan yadi ɗan'uwan roba ne, wuta tana narkar da shi ya manne wa fata. Tsofaffinmu suna kwana da kaskon gawayi a ɗaki lokacin sanyi, saboda haka ta nisanta shi da kaskon, kuma kada wani ya ɗora masa dutsen guga. A wanke shi da ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a shanya a inuwa, ba ya daɗewa bai bushe ba. Gobe ka zo da wuri, akwai ragowar yadi a ƙarƙashin tebur, ka gwada ƙulli ashirin a gabana kafin ka taɓa na Kaka.