Ina ake kai kifaye idan ana gyaran gidansu?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda ake ajiye kifaye idan za a gyara gidan kallon kifi. In da hali, ba a kai su nesa. A Boston ta Amurka, lokacin gyaran babban tankin New England Aquarium daga 2012 zuwa 2013, yawancin tsuntsayen fenguwin aka kwashe zuwa garin Quincy da ke kusa, aka zuba kifayen da tsohuwar kififiyar teku mai suna Myrtle a tafkin fenguwin ɗin.

Wahalar tana wajen ruwa. Gishirinsa da ɗuminsa sai sun yi daidai da na tsohon wurin. Ƙwayoyin bakteriyar da ke cinye amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, kuma sukan ɗauki makonni kafin su kafu a sabuwar matata. In aka yi gaggawa, wallahi sai ka ga kifi ya taso saman ruwa yana haki, ya ƙi abinci.