Tambaya da Amsa: Ɗan kwikwiyona ya ƙi fitsari a kan shimfiɗarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An ba ni ɗan kwikwiyo irin ƙananan karnukan nan, watansa biyu da rabi. Gidan haya nake, tsakar gidan ta kowa ce, ba na son ya ɓata wa maƙwabta wuri. Na saya masa shimfiɗar da ke shanye fitsari, amma sai ya yi a gefenta ko bayan kujera, wani lokaci ma ya yayyaga ta. Na tsawata, na doke shi, ba canji. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu, unguwar Sabon Gari, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki daina dukan tun yau. Kare ba ya haɗa dukan da ya sha yanzu da fitsarin da ya yi ɗazu. Abin da yake koya shi ne ya ɓuya miki, shi ya sa ya koma bayan kujera. Kuma mararsa ba ta yi ƙwari ba tukuna. Lissafin da ake bi shi ne kusan awa 1 ga kowane wata na haihuwarsa, ke nan naki da kyar zai riƙe fiye da awa 2 zuwa 3 da rana.

Babbar matsalar ita ce an sake masa gida duka. Ki ware masa kusurwa guda a baranda ko ƙofar banɗaki, kamar mita 1 da rabi kowane gefe, mai daɓen siminti, inda rana ba ta duka, nesa da madafa da wurin salla tunda fitsarinsa najasa ne. Ki kewaye da katako ko raga. Makwancinsa da kwanonsa a gefe guda, sauran ƙasan duka ki rufe da shimfiɗa 3 ko 4, ta yadda duk inda ya tsuguna a kanta ne. Bayan kwana 3 ko 4 ba kuskure, ki cire ɗaya, ki bar wadda ya fi so, haka har ta rage guda. Idan ya koma yi a ƙasa, kin yi gaggawa, ki mayar da wadda kika cire. In ba ki samu ta karnuka ba, wadda ake shimfiɗa wa majinyata a gado, mai santimita 60 da 90, tana aiki, ana samunta a farmasi.

Sai lokaci, kuma nan ne aikin yake. Da ya farka daga barci, da ya gama wasa, da kamar minti 10 zuwa 20 bayan cin abinci, ki kai shi kan shimfiɗar ki faɗi kalma ɗaya, kullum ita, misali "yi nan". Haka idan kika ga ya sa hanci ƙasa yana shinshina yana kewayawa. Yana gamawa, cikin daƙiƙa 2 ko 3, ki yaba masa ki ba shi ɗan dafaffen nama kamar ƙwayar wake. Ban da kilishi ko naman miya, albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. Idan minti 5 ya wuce bai yi ba, ki riƙe shi kusa da ke, ki sake gwadawa bayan minti 15. Abinci sau 3 ko 4 a rana a kan lokaci tsayayye, kada a bar kwano cike. Ruwa kuwa kada ki hana shi don rage fitsari, musamman a zafin Afrilu da Mayu.

Inda ya taɓa ɓatawa, warin ne ke kiran sa. Ki tsane da tsumma, ki wanke da omo, ki goge da ruwan khal rabi ruwa rabi. Kada ki zuba javel, wato ruwan bilic, a kan ɗanyen fitsari, hayaƙin da ke tashi yana cutar da ƙirji. A ƙarƙashin sabuwar shimfiɗa kuma ki sa ɗan yanki na tsohuwar, ƙaramin warin zai ja shi wurin.

Yayyagawa ta ƙaiƙayin haƙora ce da zaman kaɗaici. Ki liƙe kusurwoyi huɗun da salatif a ƙasa, wanda zai hana iskar hunturu ɗage ta ma, ki ba shi igiya mai kauri ya riƙa tauna. Idan kika ga yana haɗiye audugar ciki, ki koma ga faffaɗan faranti mai yashi, ki riƙa kwashe wurin da ya jiƙe. A ganinmu wannan ya fi shimfiɗa masa tsumman da sai an riƙa wankewa a garin da ruwa yake da wuya kamar Damagaram.

Yawanci sai wata 4 zuwa 6 kafin ya tsayu sosai. Kafin nan kada ki fitar da shi titi sai ya kammala rigakafinsa, har da na ciwon haukan kare da ake yi daga wata 3. Idan yana tsugunawa akai-akai sai ɗigo-ɗigo, ko da jini, ko yana kuka lokacin fitsari, ki kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, ki tafi da ɗan fitsarin a kwalba mai tsabta.