Me ya hana a harba kumbo da maganadisu a huta da roka?

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki, daga Kawo nake. Na ga bidiyon jirgin ƙasa da ke tafiya a kan maganadisu ba ya ko taɓa dogo, to me ya hana a harba kumbo da irin wannan a huta da roka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Tunaninka yana kan hanya, masana sun daɗe suna kai. James Powell, wanda shi da Gordon Danby suka fito da wata dabarar jirgin maganadisu a shekarun 1960, ya zo da tsarin da ya kira StarTram, NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ma ta taɓa gwada ɗan gajeren layi. Abin da ke jan hankalinsu shi ne kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin roka mai ne, kaga mai ne ke ɗaukar mai, alhali da maganadisu wutar tana ƙasa, kumbon kawai za a cilla.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne gudu. Kafin kumbo ya riƙa zagaya duniya bai faɗo ba sai ya kai wajen kilomita 28,000 a awa, shi kuwa jirgin Japan da ya kafa tarihi a 2015 kilomita 603 ya yi. Kuma ba za ka fizgi mutum lokaci ɗaya ba, jini zai bar kansa ya sume, in za a tura shi yadda zai ji nauyinsa ya ninka uku kawai to layin sai ya kai kilomita 1,000. Dogon jirgin Kaduna zuwa Abuja, wato Rigasa zuwa Idu, kilomita 186 ne, to ka jera shi sau biyar da ɗoriya, miƙe sambal ba kwana ko ɗaya. Kaya irin su ruwa da ƙarfe su kam suna jure fizga, kilomita ɗari da wani abu ya ishe su.

Sai iska. A wannan gudun iskar ƙasa ƙona abu take, shi ya sa dole layin ya zama cikin bututun da aka zuƙe wa iska, bakinsa ya fito can saman dutse. Na ɗaukar mutane ma Powell cewa ya yi a ɗaga bakin sama da kilomita 20, gaskiya nan ne ni ban gamsu ba. Bayan duk wannan sai an maƙala wa kumbon ƙaramar roka ta daidaita masa hanya a can sama, in ba haka ba dawowa zai yi.

A ganina a nan duniya taimako zai yi wa roka, ya ba ta turin farko a rage mai. Inda nake sa ran zai yi aiki sosai shi ne duniyar wata, babu iska, kuma gudun kilomita 2.4 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 8,600 a awa, ya isa kaya su bar can gaba ɗaya.