Ga mai son zuwa Daura kallon wasa da ƙanensa

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena, tun da safe na ga tambayarka, na wuce na dawo har sau uku. Ka ce kulob ɗin unguwarku zai je Daura wasa ranar Asabar, wani ya tashi yana tara kuɗin mota, kana son tafiya da ƙanenka ɗan shekara 12, Hajiya tana ɗari-ɗari, kuma kana tambaya ko ku sa jesi ko kada ku sa. Wallahi da na kai wurin da ka ambaci ƙanenka sai da gabana ya faɗi, domin ni ma da yaro na tafi ranar da har yau ba ta barin raina. Ɗan Yayata ne, shekararsa 11 a lokacin.

Na ga 'yan uwa sun yi ta magana a kan jesi. Zan zo kanta. Amma mu ba jesi ce ta kwana da mu a garin mutane ba, mota ce.

Tun Katsina United tana Spotlights, tun ana ce wa filin Muhammadu Dikko Karkanda, nake bin ƙwallo waje. Da muka faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2022 tare da Pillars da Heartland da MFM, da yawa a gidan nan sun ɗanɗana ƙananan filaye kafin mu koma sama a 2023, to sun san abin da nake nufi. Wanda bai san ko'ina ba sai filin Muhammadu Dikko, da kujerunsa da wayarsa da ƙofofinsa, bai san kallon waje ba tukuna. A ƙaramin fili igiya ce tsakaninka da 'yan wasa, wani wurin ma layin toka ne kawai. Babu wani ɓangaren baƙi. Wanda yake zaginka kafaɗarsa tana gugar taka. Ƙofa ɗaya ce idan akwai katanga. 'Yan sanda biyu ko uku da za ka gani, alƙalin wasa suka zo tsaro, shi ma da ƙyar.

Watan Fabrairun 2023 ne, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana. Kulob ɗin unguwarmu zai je wasa wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen garin sun yi mini abin da ba zan iya biya ba. Wani babba a unguwa, wanda muke russuna wa mu gaishe shi, shi ya ce zai haɗa mota. Dubu uku-uku, zuwa da dawowa, mu goma sha takwas. Ni dubu shida na ba shi, nawa da na yaron, kuɗin da sai da na biya mai POS lada mai tsada kafin na same su. Na tambaye shi a gaban mutane, "Yaya, har dawowa ke nan ko?" Ya ce, "Haba, ni ne fa." Wannan "ni ne fa" ɗin har yau tana kunnena.

Yayata ba ta so ba. Sai da na je har ɗakinta na rantse mata cewa hannunsa ba zai bar nawa ba.

An ce ƙarfe 4 za a take wasa, ba a fara ba sai wajen huɗu da rabi. Mun ci, suka rama da fenareti, aka yi ta tafiya kunnen doki. Saura 'yan mintoci a tashi yaronmu mai lamba 7 ya tsinke ta gefe ya zuba ta biyu. Mun yi murna, ba laifi ba ne. Laifin shi ne wani matashi a cikinmu da ya juya ya yi wa mutanen gari daƙuwa hannu bibbiyu, yana rawa. Ledar fiya wata aka fara jefowa, muka ɗauka abin zai tsaya nan. Sai ɓaraguzan bulo. Sai na ji wani ya ce a rufe ƙofa. Kowa ya nufi ƙofar nan lokaci guda, mu da su, da masu gyaɗa da masu rake, aka matse, wani ya faɗo ta kaina, da na miƙe hannuna babu kowa.

Ƙanena, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Ƙura ta tashi, rana ta yi ja, ina kiran sunansa muryata ba ta fita. Na koma ciki mutane na turo ni waje. Na fita na dawo. A bakin ƙofa na tsinci silifas ɗinsa ƙafa ɗaya, shuɗi, wanda ni na saya masa, igiyar ta tsinke. Na tsaya riƙe da shi kamar wanda aka dasa. Dutse ya same ni a kafaɗa ban ji ba, sai da dare na ga wurin ya kumbura. Abin da nake gani kawai fuskar Yayata, da abin da zan ce mata. Na leƙa ƙarƙashin motoci. Na leƙa kwata. Na kama wani yaro mai jesi irin tasa ta baya, ya juyo ba shi ba ne, ya fashe da kuka don tsoro. Daga baya aka ce mini abin bai wuce minti goma ba. Ni dai na san na tsufa a wurin nan. Har yanzu idan na ga silifas ƙafa ɗaya a yashe a titi sai na kawar da kai.

Wani dattijo mai shayi a tsallaken fili ne ya yafito ni. Ya ce, "Kai ne Kawu?" Ya ɗaga buhun da ya rufe ƙasan teburinsa, ga yaron nan a takure tsakanin galan ɗin ruwa da kiret ɗin ƙwai, gira a fashe, jini har wuya. Dattijon ya riga ya cire masa jesi ya cusa cikin kwalin Indomie, ya ɗaure masa goshi da ƙyallen da yake goge kofuna. Ɗan garin ne, kulob ɗinsu muka ci, ɗansa ma yana cikin 'yan wasan. Yaron da ya gan ni bai yi kuka ba, cewa ya yi, "Kawu, na yar da takalmina."

Na saɓa shi muka nufi inda aka ajiye mota. Wayam. Sai sawun taya.

Mutumin nan da ya haɗa mana mota ya shiga gaba, waɗanda suka riga isa suka shiga, suka tafi. Mu bakwai aka bari, har da yaro mai rauni, ana kiran magariba, babu mai naira dubu a aljihu, tiransifa kuma ta ƙi tafiya. Na kira shi ya fi sau ashirin. Da farko tana shiga, daga baya ya kashe wayar. Ya san da yaro na zo. A gabansa yaron ya zauna a mota yana ba shi labarin 'yan wasa. Da ya tsaya a bayan gari ya jira mu, ko ya kira ya ce ga inda muke, da ban riƙe shi ba, don tsoro halitta ne. Kashe wayar nan ita ce ta tsaya mini a rai.

Dattijon nan ya kai mu kemis aka wanke ciwon, ya ce a rubuta a kansa. Ya haɗa mana shayi da burodi mu bakwai, ya buɗe mana soron gidansa muka kwana a tabarma. Da asuba ya haɗa mu da motar 'yan kasuwa mai zuwa Katsina, direban ya yarda mu biya idan mun sauka. Yayata ta karɓi ɗanta a bakin ƙofa, ta dubi girarsa, ba ta ce mini komai ba. Wata biyu ina gaishe ta tana amsawa da ka. Gara ta zage ni.

Mai haɗa motar nan kuwa da na same shi a majalisa cewa ya yi direba ne ya ƙi tsayawa. Bayan sati na haɗu da direban a tasha, ya rantse mini kuɗin zuwa kawai aka ba shi, aka ce ciko sai an dawo, kuma mutumin ne da bakinsa ya ce a ja mota, sauran za su biyo motar 'yan wasa. Motar 'yan wasa da ko su ba ta isa! Har yau bai ce mini yi haƙuri ba. Bai je ya duba yaron ba ko sau ɗaya. Muna haɗuwa a masallaci, ina ba shi hannu don Allah ya ce a yi, amma raina bai huce ba, ba zan ɓoye maka ba. Kuma ina jin har yanzu idan tafiya ta taso shi ke riƙe takardar sunaye.

Saboda haka wannan mai tara muku kuɗi, ban san shi ba, wataƙila mutumin kirki ne, amma ka ga direba da idonka. Ka karɓi lambarsa. Ka tambaye shi ko an biya shi har dawowa, a gaban mai tara kuɗin, kada ka ji kunya. Kunyar nan ce ta cuce ni. In kun isa, a ajiye mota nesa da ƙofar fili, gabanta na kallon hanyar fita, kowa ya san wurin. Kuma a ƙirga mutane kafin a tashi. Ka riƙe kuɗin motar haya na mutum biyu a hannu, tsaba, a aljihun da ba ka taɓawa, ko da an ce maka an biya komai. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya, ka tambaya a tasha kafin ranar.

Daura dai na je kallo ba sau ɗaya ba, ban taɓa ganin abin da ya wuce tsokana da ihu ba, kuma kusan kowa a cikinmu yana da dangi ko aboki a can. In kana da wani, ka kira shi tun yau, ku shiga fili tare. Ɗan gari ɗaya a gefenka ya fi 'yan rakiya goma. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce ta Mashi, ba nisa, amma lissafa: in an fara ƙarfe 4, da hutun rabin lokaci da ƙarin lokaci sai wajen 6, kuma da wuya a fara a kan lokaci. Dare zai same ku a hanya in kuka tsaya hira. Ku yi la'asar a masallacin da ke kusa da filin, ku gaisa da mutane, ku sayi ruwa da gyaɗa a wurinsu. Fuskar da aka gani a sahu ba a saurin jifanta.

Jesi kuma, ka sa ta a ciki ka ɗora riga a sama. In ka ga wuri lafiya ka buɗe. Yaron kada ya sa ma sam, kuma don Allah takalmi mai igiya, ba silifas ba. Rubuta lambarka da ta gida a takarda ka sa masa a aljihu. Da kun isa ka nuna masa wuri ɗaya, teburin mai shayi ko ƙofar masallaci, ka ce in mun rabu nan za ka tsaya, kada ka neme ni. Ni ban yi wannan ba. Kada ku tsaya bayan raga, nan masu zafin kai suke taruwa don su dami gola. Nemi inda dattawa suke zaune, wajen tsakiyar fili. In ku ke ci kuma saura minti goma, kama hannunsa ku fita, sakamakon zai same ku a mota. Na san da ciwo, amma ka yi.

Ku kuma ja kunnen yaranku masu ganga da masu baki. Mutum ɗaya ne ya jawo mana jifa. An ci mutum a gidansa, a gaban 'ya'yansa da surukansa, sannan ka yi masa daƙuwa? Mu ma nan Katsina ba za mu ji daɗi ba, kuma mu faɗi gaskiya, mu ma akwai ranakun da baƙi suka bar filayenmu ba yadda ya kamata ba. Alƙalan wasan nan ma tausayi suke ba ni. Mutum ya zo a motar haya, ya san ta cikin taron nan zai bi ya fita, babu waya babu katanga, sannan a ce ya hana masu gida fenareti a minti na 90? In kun ga an busa muku abin da bai yi ba, ku haɗiye. Masu shirya gasa su ya kamata a tambaya me ya sa ake kai wasa filin da ko ƙofar fita ta biyu babu. Shekara nawa muna wannan magana.

Maganar Hajiya ita ce babba. Kada ka ce mata nan kusa za ku je, kada ka rantse mata da abin da ba a hannunka yake ba, kamar yadda na yi. Faɗa mata garin, da motar, da lokacin dawowa, ka ba ta lambar direba. In ta ce a'a bayan haka, bar yaron a gida, ka je kai kaɗai ka gano wurin, wani karon ka kai shi. In ta amince, ku je, don daɗin cin wasa a waje daban ne, ɗan Yayata da tabonsa a gira har yau labarin ƙwallon nan ta biyu yake bayarwa. Mai shayin kuwa duk sallah sai na kira shi mun gaisa.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. In kun shigo Katsina ranar Asabar, ko ƙarfe nawa ne, ka rubuto a nan ka ce kun iso, zan duba kafin in kwanta.